Maigida Na Yi Mini Gorin Ƙiba, Kuma Shi Ke Shigo Mana da Tsire Ƙarfe Goma

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana uku, autar tana da wata 14 kuma har yanzu tana shan nono. Tela ce ni, a gida nake ɗinki. Shekara 11 da suka wuce, da aka kawo ni gidan nan, kilo 62 nake. Makon jiya na hau sikeli a asibiti na ga 89, tsawona kuwa mita 1.62. Gwiwoyina na ciwo, in zan tashi daga sujada sai na dafa ƙasa, tafiya kaɗan sai haki. Mahaifina ciwon suga ne ya yi ajalinsa, don haka abin na ba ni tsoro.

Wallahi Anti ba ni da ci. Da safe shayi kawai nake sha, da rana in ɗan lashi abin da yara suka rage, in kora da lemon kwalba saboda zafi. Sai dare nake cin abincin kirki. Maigida yakan dawo wajen ƙarfe goma da tsire ko balangu da lemo ko fura da yogot, in na ce na ƙoshi sai ya yi fushi. Amma shi ne kuma ke kirana Hajiya Lukuta a gaban ƙannensa, su yi ta dariya, ni ma in yi yaƙe, in shiga ɗaki in yi kuka. Mahaifiyarsa kuma cewa take kar in kuskura in rame, mutane su ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Sau da yawa sai an kawo wuta da dare nake samun yin ɗinki, in kai ƙarfe biyu a kan keke, in tashi da Asuba. Ina kuma yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku. Na taɓa daina cin abinci na mako biyu, na ragu, daga baya na dawo har na fi da. Yanzu wata ƙawata ta kawo mini shayin rage ƙiba da ake talla a WhatsApp. In sha? Tsorona kada ya yi mini kishiya saboda haka.

Wata baiwar Allah, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Kukan da kike yi a ɗaki bayan kin gama yaƙe a tsakar gida shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, kuma zan zo kansa. Amma bari in fara cire miki wani nauyi: ba lalaci ba ne ya kai ki nan, ba kuma zarin ci ba. Mace mai shayarwa, mai renon yara uku, mai taka keke har ƙarfe biyun dare, babu mai kiran ta raguwa sai wanda bai san aiki ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na ɗauke da ƙibar da ta wuce kima, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Ba halin mutane ne ya lalace lokaci guda ba. Abin da ake sayarwa a bakin titi ne ya canza, da yadda ake wuni, da yadda ake kwana.

Na yarda da ke cewa ba ki da ci, in ana nufin zama a gaban babban kwano. Sai dai ki duba lissafinki da kanki. Kilo 27 cikin shekara 11 bai kai kwatan kilo a wata ba. Wannan ba aikin mai haɗama ba ne. Irin ƙibarki adashi ce: zubi ɗan kaɗan kullum, wanda mai zubawa ba ta jin fitarsa, sai ranar ɗauka ta ga abu ya taru. Jego uku kin yi, kowanne ya bar miki nasa kilon bai tafi da shi ba, sauran kuma yininki da darenki ne suka tara. To, mu bi yinin nan naki daga safe.

Shayin da kika kira “kawai” shi ne farkon zubi. Shayinmu na gida, da madara da sukari cokali uku, wani lokaci har da garin koko, abinci ne cikakke ta fuskar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, amma ba ya riƙe ciki. Kofi biyu a rana, ƙaramin cokali shida na sukari ke nan. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 kuwa yana ɗauke da sukari giram 50 da ɗoriya, wato ƙaramin cokali kusan 13. Babu wadda za ta zauna ta kamfaci sukari cokali 13 ta afa a baki, amma a cikin ruwan sanyi da rana tsaka ko a jikinmu. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga babban mutum shi ne kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin cokali 12 a rana, in ya sauko zuwa shida ya fi. Ke kuwa kin wuce wannan iyaka tun kafin La'asar, ba ki kai lomar tuwo ko ɗaya baki ba, ga kuma lemon maigida na jiran ki da dare. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce jiki ba ya jin ƙoshi da shi kamar yadda yake ji da abin da aka tauna, don haka sai ki sha, ki kuma ci abincinki yadda kika saba. Kada ki ce za ki gudu zuwa lemon malt da madara da ake cewa yana ƙara jini, ko zoɓo da kunun aya na sayarwa. Mai sayarwa ta san ba a dawo mata sai ta zabga sukari. Zoɓon da kika dafa da kanki da citta da kanumfari, ba sukari ko da ɗan kaɗan, wannan babu laifi.

Sai ragowar yara. Kusan kowace uwa na yin haka, don an tashe mu da cewa zubar da abinci zunubi ne, kuma gaskiya ne almubazzaranci ba kyau. Amma rabin farantin taliya nan, guntun fanke can, ƙanzon shinkafa a gindin tukunya, in aka haɗa su sun kai kwano guda, ke kuma a ranki ba ki ci abincin rana ba. Ki riƙa zuba musu kaɗan, wanda bai ƙoshi ba ya dawo a ƙara masa. Abin da ya saura mai kyau a rufe a ajiye, ko a miƙa wa mai buƙata a ƙofar gida.

Mai kuma, man gyaɗa ne ko manja, babban cokali ɗaya nasa na da kalori kusan 120, don kowane giram na mai ya ninka giram na shinkafa ko nama fiye da sau biyu wajen kalori. Ki tuna yadda muke tuttula shi daga galan kai tsaye cikin tukunya, har miya ta yi iyo a ƙarƙashinsa, da yadda ake malala shi a kan garau-garau da ɗanwake. Ki ajiye cokali a kusa da galan, ki riƙa aunawa. Ba wanda zai lura a gidan in kin rage sannu a hankali, aljihun maigida ne kawai zai ji daɗi.

Daren shi ne babban al'amari. Kin wuni da yunwa, kin ci tuwo da Magariba ko bayan Isha, sannan ƙarfe goma ga abincin dare na biyu ya shigo a leda. Nama ba abokin gaba ba ne. Abin da ya ɓata lamarin shi ne ya zo a kan ƙoshi, da mai da ƙuli, da lemo a gefe. Daga nan ki hau keke har ƙarfe biyu, ki tashi da Asuba, barcin awa uku ko huɗu. Babban mutum na buƙatar awa bakwai zuwa tara. In barci ya gaza, sinadarin da ke ta da yunwa a jiki, wanda ake kira girelin, yakan ƙaru, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, wato leftin, yakan ragu, sai washegari ranki ya riƙa biya miki kayan zaƙi da soye-soye. Wannan kwaɗayin lemo da kike ji da rana ba zafi kaɗai ne ke kawo shi ba, gajiya ce ke neman abin da zai ɗaga ta. Na san ɗinkin nan shi ne rufin asirinki, ba zan ce ki ajiye ba. Amma ki raba aikin: yanka, guga da gawayi, sa maɓalli da aikin hannu duk a yi su da rana, abin da ba ya yiwuwa sai da wuta kaɗai a bar wa dare, kuma ki sa wa kanki ƙarfe sha ɗaya a matsayin lokacin rufe keke. In kina da keken taka-taka, ki dawo da shi aiki da rana. Ki kuma kwanta ko na rabin awa ne bayan Azahar lokacin da autar ta yi barci.

Shayin ƙawarki kuwa, kada ki sha. Ki yi mata godiya, ki ce kina shayarwa, wannan kaɗai ya isa uzuri. Yawancin irin waɗannan shayi abin da ke cikinsu ganye ne mai sa gudawa, dangin filasko, ko abin da ke sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna kin ragu a kwana uku, amma ruwa ne ya fita, kitse na nan inda yake, kuma daɗewa a kai na kwashe gishirin da zuciya da ƙoda ke buƙata. Mafi muni, an sha kama kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla ɗauke da sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya zo a leda daga WhatsApp, ba ki san wanda ya haɗa shi ba, kuma abin da kika sha yana iya kaiwa ga 'yarki ta nono. Yunwar mako biyun da kika yi ma ba laifinki ba ne da ta ƙi aiki. In aka hana jiki abinci gaba ɗaya, yakan narkar da tsoka tare da kitse, ya rage ƙona kalori, ya tsananta yunwa, ranar da mutum ya gaji ya koma ci sai ya mayar da abin da ya rasa har da ƙari. Haka jikin kowa yake.

Kafin ki canza komai a kicin, ki koma asibitin nan da kika hau sikeli. Likitoci na raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Naki 89 a raba da 1.62 sau 1.62, ya ba da kusan 34. Daga 25 an fara yin nauyi, daga 30 an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Ranar bikinki kina wajen 23 da rabi. Tunda kuma ke tela ce, tef na rataye a wuyanki: ki auna cikinki daidai saitin cibiya, a tsaye, ba tare da shanye ciki ba. Ga mace, in ya wuce santimita 80 haɗari ya fara, in ya haura 88 ya yi yawa. Wannan awo ya fi sikeli faɗin gaskiya game da ciwon suga, don kitsen da ke kewaye da kayan ciki shi ne mai ɓarna. Da tarihin Baba, ki nemi a gwada sukarin jininki da safe kafin ki ci komai. A ma'aunin da ake rubutawa mg/dL a takardar gwaji, ƙasa da 100 lafiya, tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama kuma, in an maimaita an sake gani, ciwon suga ne. A auna hawan jini, kada ya kai 140 bisa 90. In kina ganin bayan wuyanki ko hammatarki ya yi baƙi ya yi kauri, ki nuna wa likita. Mata da yawa na ta dirza da soso ko shafa man bilicin a kai, alhali ba dauɗa ba ce, alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. In kuma akwai yawan jin sanyi, zubewar gashi, kasala mai yawa ko kumburin wuya, sai a duba maƙoƙo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki faɗa wa likita duk abin da kike haɗiya. Ba ki ambata ba, amma zan tambaya: ciwon gwiwar nan, kina aikawa kemis a haɗo miki ƙwayoyi? A cikin irin haɗin nan ana yawan sa deksametason ko firednisolon. Suna kashe ciwo nan take, amma suna kumbura fuska, su tara tumbi, su ɗaga sukari da hawan jini. Su ne ma 'yan mata ke sha da sunan “sha ka fashe” don su ciko kafin biki. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke lokaci guda, hakan na da haɗari, likita ne zai sauke ki a hankali. Allurar wata uku kuma, gaskiya ne tana sa wasu mata ƙarin nauyi, ba duka ba. Kada ki daina da kanki, ciki a wannan hali zai fi wahalar da ke. Ki je sashen tazarar haihuwa ki gaya musu abin da kika gani, akwai hanyoyi marasa hormon, wato sinadarin da ke cikin allurar, kamar wanda ake sa wa a mahaifa, ku duba tare da maigida wanda ya dace da ku.

Ina son ki sa wa ranki buri mai yiwuwa. Ki manta da kilo 62 a yanzu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara a wurinki, ya isa ya sauko da hawan jini da sukari, ya kuma rage haɗarin ciwon da kike tsoro. Gwiwa ma za ta ji sauƙi da wuri, don kowane kilo ɗaya da ya tafi yana sauke mata nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Rabin kilo a mako ya isa, kuma a wannan gudun nononki ba zai ƙafe ba. Makonni biyun farko abu ɗaya kawai nake so ki yi: lemon kwalba ya fita daga yininki, sukarin shayi ya sauko daga cokali uku zuwa ɗaya, ruwa ya zauna a gefen keke. Kwanakin farko bakinki zai yi ƙorafi, daga baya ya saba.

Bayan nan sai ki maido da abinci cikin rana. Ki karya da abin da ke riƙe ciki: alale, ko dafaffen ƙwai biyu, ko faten wake, ko koko marar sukari da ƙosai uku ko huɗu, ba goma ba. Da rana ki zauna ki zuba naki a faranti kamar kowa. Ba sai kin sayi abincin Turawa ba, abin da muke da shi ya wadatar, kuma ya fi araha. Rabin faranti ya zama ganye: kwaɗon zogale ko rama, alayyafo, kabeji, yakuwa, gauta, kokwamba. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai, awara ko nama, sauran kuma tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya madaidaiciya. Tuwon dawa, gero da acca sun fi farar shinkafa da burodi da taliya daɗewa a ciki. Miyar kuka da kuɓewa da taushe duk naki ne, a rage musu mai da dunƙule kawai, tunda gishirin da ake so mutum ya ci a rana bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda ke cikin dunƙulen. In kwaɗayi ya taso da yamma, goba ko gwanda ko lemon zaƙi ko gyaɗa tafin hannu ɗaya. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ma'auni ne da za ki iya aiki da shi a kowane zama: ki tashi da sauran wuri. Azumin Litinin da Alhamis ibada ce mai kyau in kin yaye, amma wadda ta buɗe baki da soyayyen dankali da kwalba biyu ba za ta ga canji a sikeli ba.

Motsa jiki ba zai goge lemo ba. Tafiyar sauri ta minti 30 a nauyinki tana ƙona kalori wajen 150, robar lemo ɗaya kuwa ta haura 200. Amma yana gyara sukarin jini da zuciya da barci ko da sikeli bai motsa ba. Abin da ake so minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma ana iya yanka shi goma-goma. Ki raka yara Islamiyya da ƙafa maimakon a kira mai adaidaita, ko ki zagaya tsakar gida bayan Asuba kafin rana ta yi zafi. Duk rabin awa ki tashi daga keke ki miƙe ki ɗan taka. Saboda gwiwa, banda tsalle da igiya a yanzu. Ki zauna a kujera ki tashi sau goma ba tare da dafa komai ba, ki huta ki sake, sau biyu ko uku a mako, wannan na ƙarfafa cinya, ita kuma ta tallafi gwiwa.

Yanzu maigida. Ba zan yi masa kwaskwarima ba: kiran ki da wannan suna a gaban ƙannensa ba daidai ba ne. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da laƙabi, kuma ba ta cire miji da mata ba. Jikin da yake yi wa dariya shi ya ɗauki 'ya'yansa uku. Amma in aka yi masa adalci, mai yiwuwa bai san kina kuka ba. Kina dariya tare da su, a al'adarmu kuma akwai wasa tsakanin matar wa da ƙannen miji, sai ya ɗauka raha ce ake yi. Ledar da yake shigowa da ita kuwa, ga maza da yawa ita ce hanyar cewa “na tuna da ke”, don bakinsu ba ya iya furtawa. Shi ya sa in kin ce kin ƙoshi yake jin kamar shi kika ƙi, ba naman ba. Saboda haka kada ki haɗa maganganun biyu a zama ɗaya, kuma kada ki yi ko ɗaya a lokacin da leda ke hannunsa. Ki bari sai ranar da yake cikin nishaɗi, ku biyu kaɗai, ki ce masa: “Abban yara, na san wasa kake yi, amma sunan nan yana yi mini ciwo, musamman a gaban mutane. Ina roƙon ka ka bari.” Ki tsaya nan, kada ki jero masa laifuffukan shekara 11. Wata rana daban, bayan kin dawo daga asibiti da takardar gwaji a hannu, ki ce: “Ka san abin da ya kashe Baba. Likita ya ce in rage, kuma ba zan iya ni kaɗai ba sai da taimakonka.” Sai ki ba shi abin da zai yi, ba abin da zai daina kaɗai ba: tsiren ya koma sau biyu a mako, ya sanar da ke tun da rana don ya zama shi ne abincin darenku da kabeji da tumatir da albasa, sauran ranaku ya shigo da kankana ko gwanda ko rake na yara, lemo kuma a bar shi sai an yi baƙi. Ki auna nasa cikin ma da tef ɗinki cikin raha. Ga namiji haɗari na farawa daga santimita 94, kuma mai cin balangu da lemo kullum ƙarfe goma da wuya ya tsira. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Matarsa ta yi jiki, bai sa mata suna ba, tsere ya yi da ita. Ki ba maigida wannan labarin, ki nemi ya riƙa fita tattaki da ke bayan Isha ko da minti goma sha biyar ne.

In ya ji, alhamdu lillahi. In bai ji ba, ledar ta ci gaba da zuwa, ki karɓa da fara'a, ki ci yanka biyu a gabansa, ki ajiye saura don karin safe. In kuma gorin ya ci gaba bayan kin faɗa masa a fili har sau biyu, to ya tashi daga wasa, sai ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko malaminsa, ya yi masa magana a asirce. Ki kuma daina yaƙen nan. In an faɗa, ki yi shiru ki ci gaba da abin da kike yi, dariyar da ba a taya ba ba ta daɗewa.

Hajiya mahaifiyarsa kuwa ki yi mata uzuri. Tsaransu sun ga farin 1973 da na 1984, sun tashi a zamanin da rama ke nufin yunwa ko ciwo ko wulaƙancin miji, ƙiba kuma ke nufin hutu. Ba za ki canza mata wannan da musu ba, kuma ba sai kin furta kalmar rage ƙiba a gabanta ba. Ki ce likita ya hana ki zaƙi da maiƙo saboda gwiwa da ciwon gado, tsofaffi na girmama wannan. In ta aiko da abinci ki karɓa, ki ci kaɗan, ki yaba, ki raba wa yara. Ki ma roƙe ta ta koya miki kwaɗo da dambun zogale irin na da, za ta ji daɗi an nemi iliminta.

Batun kishiya, ba zan yi miki alkawarin da ba na iya cikawa ba. An yi wa sirara kishiya, an yi wa masu jiki, wasu kuma masu jikin sun zauna su kaɗai har tsufa. Kilo ba shi ke yanke wannan hukunci ba. In kika gina ƙoƙarinki a kan tsoron wata mace, duk ranar da sikeli ya tsaya, kuma zai tsaya na makonni wani lokaci, sai hankalinki ya tashi ki koma yunwa ko shayin leda. Ki yi don ki tashi daga sujada ba dafa ƙasa, don kada yaranki su yi jinyar da kuka yi wa Baba. In kuma kukan nan ya zama na kullum, kika daina jin daɗin abin da kike so a da, har ya wuce mako biyu, ki faɗa wa likitan shi ma, ciwon damuwa bayan haihuwa na iya jan lokaci kuma ana maganinsa.

Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, ki auna ciki sau ɗaya a wata, ki rubuta a bayan littafin awon kwastomominki. Ranar biki ko suna ki ci waina da alkaki kamar kowa, washegari ki koma tsarinki ba tare da horar da kanki da yunwa ba. Inda na fi ji miki tsoro shi ne gabanin Sallah, lokacin da atamfofi ke taruwa har rufi. Tun yanzu ki yanke adadin ɗinkin da za ki iya gamawa ba tare da kwana a kan keke ba, ki sa ranar rufe karɓa, abin da ya zo bayanta ki tura wa wata tela ko ki ɗauki yarinya mai koyo ta rage miki. Bayan wata uku ki sake rubuto mini da sakamakon sukari da awon cikinki, mu ga abin da za a gyara. Allah ya ba ki lafiya, ya raya zuri'a, ya daidaita tsakaninku.